Kamfanin da aka ce ya kai biliyan: shin hakan na nufin mutane na buƙatar kayansa?

Duk bayan kwana biyu sai an tashi da labarin wani kamfani da ko shekara biyar bai cika ba, wai darajarsa ta kai dala biliyan kaza, kuma idan ka duba da kyau sai ka tarar bai taɓa cin ribar ko sisi ba tunda aka kafa shi. A watan Oktoban 2025 aka yi cinikin wasu hannayen jarin OpenAI, masu ChatGPT, a kan lissafin cewa kamfanin ya kai dala biliyan 500, alhali har lokacin abin da yake kashewa ya fi abin da yake samu. Mutum na jin haka sai ya ɗauka ai tunda manyan masu kuɗi sun yarda da wannan farashi to lallai kayan nasu abu ne da duniya ba za ta iya rayuwa ba shi ba. Wani kuma ya ce kai duk ƙarya ce, iska ce aka hura. Kafin a raba wannan gardama sai an fara sanin me wannan lambar take aunawa, don yawancin ruɗanin daga nan ya taso.

Wai mece ce "darajar kamfani"?

Irin waɗannan kamfanoni su ne 'yan harkar ke kira sitatof, wato sabon kamfani da aka gina shi da niyyar ya yi girma da sauri fiye da ƙima, galibi a fannin fasaha, kuma da kuɗin masu zuba jari yake tafiya ba da ribar cinikinsa ba. Idan ƙimarsa ta kai dala biliyan ɗaya tun bai shiga kasuwar hannun jari ba sai a ce masa yunikon, sunan wani doki mai ƙaho ɗaya a tatsuniyar Turawa, ma'ana abin da ba kasafai ake gani ba. Wata mai zuba jari a Amurka, Aileen Lee, ita ta fara amfani da sunan a 2013, kuma a lokacin guda 39 kacal ta ƙirga. Zuwa farkon 2022 sun wuce dubu ɗaya a duniya.

To ya ake samun lambar? Ba wai wani ne ya zo ya ƙirga gine-gine da injina da kuɗin asusu ya ce ga jimla ba. Tayi ne kawai aka yi wa ɗan yanki. A ce wani ya ba da dala miliyan 100 aka ba shi kashi 10 cikin ɗari na kamfanin, shikenan sai a ninka a ce gaba ɗaya ya kai biliyan ɗaya, duk da cewa babu wanda ya taɓa taya sauran kashi 90 ɗin, kuma da a ce za a fito da su kasuwa a sayar rana ɗaya ba lallai a sami mai saye a wannan farashin ba.

Akwai kuma wani abu da labarai ba su cika faɗa ba. Hannun jarin da mai zuba kuɗi na ƙarshe yake karɓa ba irin na kowa ba ne, yana zuwa da sharuɗɗa, misali idan aka sayar da kamfanin da asara shi za a fara mayar wa kuɗinsa kafin ma'aikata da waɗanda suka kafa kamfanin su ga ko kwabo, wani lokacin ma har da alkawarin za a ƙara masa hannun jari idan farashi ya faɗi. Wanda aka ba irin wannan kariya ai zai yarda ya biya da tsada, amma sai a ɗauki farashinsa a shafa wa hannun jarin kowa da kowa. Wasu malaman jami'a biyu, Will Gornall da Ilya Strebulaev, sun bi takardun yunikon 135 na Amurka ɗaya bayan ɗaya, suka gano cewa a matsakaici lambar da ake sanarwa ta ɗara ainihin ƙimar da kashi 48 cikin ɗari, kuma 65 daga cikinsu da an yi lissafin gaskiya ba su kai biliyan ɗin ba ma.

Misalin Klarna, kamfanin Suwidin na "sayi yanzu ka biya daga baya", ya isa a gane. A Yunin 2021 an yi masa ƙimar dala biliyan 45.6, a Yulin 2022 ta koma biliyan 6.7. Kwastomominsa ba su gudu ba a cikin wannan shekarar, manhajar ma ba ta lalace ba, yanayin kasuwar kuɗi ne ya juya. Kenan lambar tana iya hawa da sauka ba tare da buƙatar mutane ta motsa ko kaɗan ba.

Kuɗin waye, kuma me masu shi suke nema?

Kamfanonin da ke zuba irin wannan jari mai haɗari yawanci ba kuɗin aljihunsu suke juyawa ba. Suna tarawa ne daga asusun fansho, da asusun jami'o'i, da kamfanonin inshora, da asusun ajiyar ƙasashe masu arziki, su yi alkawarin dawo da shi da riba cikin kamar shekara goma. Harkar ta bunƙasa a Amurka ne bayan 1979, lokacin da aka sassauta ƙa'idar da ke hana asusun fansho shiga irin wannan kasada.

Lissafinsu ba irin na ɗan kasuwa na yau da kullum ba ne. Sun san cewa a cikin kamfanoni da yawa da suka sa wa kuɗi akasari za su mutu ko su tsaya cak, don haka suna neman guda ɗaya ko biyu da za su ninka kuɗin sau hamsin ko ɗari su rufe asarar sauran. Kamfanin zuba jari na Sequoia ya sa kusan dala miliyan 60 a WhatsApp, da Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 kan dala biliyan 19 sai rabonsa ya kai kimanin biliyan 3. Irin wannan suke farauta. Shi ya sa kamfanin da yake warware wata matsala ta gaske, yana cin ribarsa daidai gwargwado, amma ba zai taɓa zama ƙato ba, ba ya burge su, shi kuwa wanda yake da labari mai daɗi na cewa zai mamaye kasuwar duniya ko da yiwuwar hakan ƙarama ce, shi ake rububi a kai.

Sai kuma maganar kuɗin ruwa. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa kusan sifili ya bar shi haka har ƙarshen 2015, ya sake maimaitawa a Maris 2020 saboda korona. Idan ajiya a banki da takardun bashin gwamnati ba sa kawo komai, dole masu manyan kuɗi su fita neman inda za su samu, sai suka kwararo nan. A 2017 Masayoshi Son, shugaban kamfanin SoftBank na Japan, ya haɗa wani asusu na kusan dala biliyan 100, biliyan 45 daga ciki na Saudiyya ne, kuma asusu mai wannan girma ba zai tsaya yana raba miliyan biyar-biyar ba, dole ya rika zuba ɗaruruwan miliyoyi a wuri ɗaya ko kamfanin yana buƙatarsu ko ba ya buƙata. A 2021 kaɗai an zuba sama da dala biliyan 600 a sababbin kamfanoni a duniya. Daga Maris 2022 aka fara ɗaga kuɗin ruwa har ya wuce kashi 5 a 2023, kiɗa ya canza rawa ma ta canza, nan ne su Klarna da Stripe da Instacart suka ga ƙimarsu ta zube.

Wani ƙaramin abu da ya taimaka shi ne kamfanoni sun daina saurin shiga kasuwar hannun jari, inda doka ke tilasta musu buɗe littafinsu kowa ya gani. Amazon yana da shekara uku ya shiga a 1997, Uber, mai manhajar kiran motar haya, sai da ya shekara goma.

So daban, buƙata daban, iya biya daban

Shahararriyar cibiyar renon sababbin kamfanoni ta Y Combinator, wadda Airbnb, mai manhajar kama masauki a gidajen mutane, da Stripe suka fito daga cikinta, takenta shi ne a ƙera abin da mutane suke so. A lura, so aka ce ba buƙata ba, kuma ba kuskuren baki ba ne, don kasuwa ba ta da ma'aunin buƙata, abin da take gani shi ne wa ya zo ya biya kuma ya sake dawowa.

A ɗauki Juul, masu sigarin lantarki. A Disamban 2018 kamfanin taba na Altria ya biya dala biliyan 12.8 ya karɓi kashi 35, aka sanar da ƙimar Juul a biliyan 38. Mutane suna son kayan babu tantama, suna saye suna komawa, kuma masu kare shi suna cewa ya taimaka wa manya masu shan taba su rage illa. Amma wani ɓangare na wannan son nikotin ne ya kama matasa da ba su taɓa shan taba ba, har jihohin Amurka suka kai shi ƙara ya biya ɗaruruwan miliyoyin daloli na sasanci. A idon mai lissafin jari, kwastoman da ya kamu da abu da kwastoman da abu ya yi masa amfani duk lamba ɗaya suke bayarwa.

Ta ɗaya gefen kuma ga Achaogen, wanda ba kowa ya ma ji sunansa ba. Ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019 bisa wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga, don haka idan ana maganar buƙata to da wuya a sami wadda ta fi sabon maganin kashe irin waɗannan ƙwayoyi. Achaogen ya haɗa irin wannan magani, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Yunin 2018, a Afrilun 2019 kamfanin ya karye. Dalili? Likitoci suna ɓoye sabon magani irin wannan sai ta ɓaci suke fito da shi, don kada ƙwayoyin su saba da shi, kuma majinyaci kwanaki kaɗan zai sha ya warke ya tafi. Abin da ya sa maganin yake da muhimmanci shi ne kuma ya hana shi kawo kuɗi.

Haka abin yake ga duk wata buƙata da masu ita ba su da abin biya. Ruwa mai tsafta, gida mai araha, kula da tsofaffi, ba wai babu masu aiki a kansu ba, amma aikin yana cin ƙarfe da siminti da ma'aikata da shekaru, ribar kuma siririya ce, ita kuwa manhaja sau ɗaya ake rubuta ta a sayar wa mutum miliyan ɗari ba tare da ƙarin kashe kuɗi mai yawa ba. Wannan ne ya sa jerin yunikon ya cika da manhajojin ofis da na hada-hadar kuɗi.

Garaɓasa tana ɓoye gaskiyar buƙata

Wannan shi ne wurin da ya fi wuyar ganewa, don a nan mutane da gaske suna tururuwa, lambobin ba na ƙarya ba ne, sai dai farashin ne ba na gaske ba. Kamfani yana ɗaukar kuɗin masu jari ya biya wa kwastoma wani kaso na kuɗin kaya, ya sayar da abu ƙasa da yadda ya faɗo masa, jama'a su cika, sai ya ɗauki wannan cikowar ya koma wurin wasu masu jarin ya ce ku ga yadda ake son mu, su kuma su ƙara masa kuɗi a ƙima mafi girma, ya sake yin rangwame, haka dai ake ta zagayawa.

MoviePass a Amurka ya kai abin maƙura. A Agustan 2017 ya ce ka biya dala 9.95 a wata ka shiga silima kullum fim ɗaya, shi kuma yana biyan gidajen silima cikakken kuɗin tikiti, alhali tikiti ɗaya ma ya kusa wannan kuɗin. Cikin ƙasa da shekara ya tara mutum miliyan uku, kuma duk wanda ya fi son kayan shi ya fi jawo masa asara. A Satumban 2019 ya rufe. Mutum miliyan ukun nan ba shaida ba ce ta ana buƙatar MoviePass, shaida ce ta mutane ba sa ƙin banza.

Kamfanonin kawo cefane cikin minti goma ma haka. Lokacin kullen korona Getir na Turkiyya da Gorillas na Jamus suka bazu a biranen Turai, Getir ya kai ƙimar dala biliyan 11.8 a Maris 2022, ya haɗiye Gorillas a ƙarshen shekarar, sai ga shi a Afrilun 2024 ya tattara ya fice daga Birtaniya da Jamus da Holan da Amurka ya koma gida. Mutane sun ji daɗin a kawo musu kaya ƙofa cikin minti goma, amma da aka ce su biya abin da hayar rumbu a tsakiyar gari da albashin mai keke suke ci, sai mafi yawa suka ga ai shagon ba nisa.

Sai dai ba kullum labarin ke ƙarewa haka ba, kuma Uber ne shaida. Ya yi asarar dala biliyan 8.5 a 2019 kaɗai, masu suka da yawa sun ce ranar da ya daina rangwame ranar zai mutu. Ya ɗaga farashi, ya rage garaɓasa, mutane suka yi ƙorafi amma ba su tafi ba, a 2023 ya ci ribar aikinsa ta cikakkiyar shekara karon farko. Masu goyon baya suna cewa ka gani, buƙatar ta gaske ce. Masu suka kuma suna cewa a'a, ya yi amfani da shekarun arahar ne ya raunana tasi da sauran abokan hamayya, da ya ɗaga farashi babu wurin gudu. Duka biyun suna da abin kamawa, kuma amsar tana bambanta daga gari zuwa gari gwargwadon ko akwai wata hanyar sufuri mai kyau a wurin.

Inda kayan ba su yi ba, da inda babu su ma

Wasu labaran ba su da wannan sarƙaƙiya. Juicero ya tara kusan dala miliyan 120 ya ƙera injin matse ruwan 'ya'yan itace mai haɗe da intanet, ana sayar da shi dala 699 kafin a rage zuwa 399, sai a Afrilun 2017 'yan jaridar Bloomberg suka nuna cewa jakar da ake sa wa injin idan ka matse ta da hannu kusan ruwa ɗaya za ka samu. Watanni biyar bayan nan ya rufe. Quibi ya tara dala biliyan 1.75 don gajerun finafinai na kallo a waya, manyan mutane ne a kansa, Jeffrey Katzenberg da Meg Whitman, ya fito a Afrilun 2020, a Oktoba aka sanar za a rufe. Mutane suna kallon gajeren bidiyo a waya kam, amma suna samunsa kyauta a YouTube da TikTok.

Theranos lamarinsa daban ne, don buƙatar tana nan, wa zai ƙi a ɗiga jini kaɗan daga yatsa a yi masa gwaje-gwaje masu yawa da araha? Injin ne bai iya abin da aka ce yana yi ba. An yi wa kamfanin ƙimar dala biliyan 9 a 2014, a Oktoban 2015 John Carreyrou na jaridar Wall Street Journal ya fallasa cewa yawancin gwajin da injinan wasu kamfanoni ake yinsu, ramin ƙarya kuma ƙurarre ne, a 2018 aka rufe, a 2022 aka yanke wa wadda ta kafa shi, Elizabeth Holmes, ɗaurin sama da shekara 11. Wani abin lura a shari'ar, laifin damfarar masu zuba jari aka kama ta da shi, tuhume-tuhumen da suka shafi majinyata kuwa an wanke ta.

WeWork kuma yana tsakiya. Ana buƙatar ofis na haya na ɗan lokaci, ƙananan kamfanoni da masu aikin kansu suna amfana da shi, ba wanda ya musa. Matsalar ita ce an yi masa farashin kamfanin fasaha, dala biliyan 47 a Janairun 2019, alhali aikinsa shi ne ya kama hayar gini na shekaru masu yawa ya yanka shi ya ba da haya wata-wata. IWG, wanda ya daɗe yana irin wannan sana'a kuma yana cin riba, ƙimarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Da WeWork ya zo shiga kasuwar hannun jari a Agustan 2019 dole ya buɗe littafi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, aka ga ya yi asarar dala biliyan 1.9 a 2018 a kan cinikin biliyan 1.8, cikin makonni shida aka janye shirin, shugabansa Adam Neumann ya sauka, a Nuwamban 2023 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Ofisoshin dai da yawa suna nan ana aiki a ciki har yau, lambar ce ta mutu.

Abin da masu kare tsarin ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce ba a sanin buƙata kafin a gwada. A 2008 masu jari da dama sun ƙi sa kuɗi a Airbnb don ba su ga yadda mutum zai kwana a gidan baƙon da bai sani ba, a 2022 kamfanin ya ci ribar dala biliyan 1.9. Moderna ya shiga kasuwar hannun jari a Disamban 2018 ba shi da ko magani ɗaya a kasuwa bayan shekara takwas yana cin kuɗi, kuma masu shakka sun yi ta magana a kansa, bayan shekara biyu rigakafinsa na korona ya fito. Nubank ya fara a Brazil a 2013 da katin bashi marar kuɗin shekara a ƙasar da bankuna biyar suka riƙe kusan komai, a 2024 kwastomominsa sun kai miliyan 100, da yawansu ba su taɓa mallakar kati ba kafin nan. WhatsApp lokacin da aka saye shi ma'aikata 55 gare shi da masu amfani miliyan 450, kuma ya sauƙaƙa wa mutane kuɗin tes da kiran ƙasar waje ta yadda ba sai an yi dogon bayani ba.

Ta biyu ita ce wani lokacin tunanin daidai ne, lokacin ne bai yi ba. Webvan ya karye a 2001 yana ƙoƙarin kai cefane gida ta intanet, bayan shekara goma sha wani abu da wayoyin zamani suka shiga hannun kowa sai sana'ar ta tsaya da ƙafarta. Don haka a wurinsu Juicero da Quibi kuɗin makaranta ne, ba za a sami Moderna ba sai an yarda a yi asara a kan wasu goma.

Masu suka ba su musa waɗannan misalai ba, abin da suke cewa shi ne ana ƙirga waɗanda suka tsira ne kawai, kuma kuɗi idan ya yi yawa a hannun kamfani ɗaya yana hana a gane gaskiya da wuri, don wanda ke da biliyan a asusu zai iya shekara biyar yana sayen kwastoma kafin ya gane ba a buƙatarsa, ƙaramin da ke da kaya mafi kyau kuma ya mutu a hanya saboda ba zai iya jure gasar asara ba. Suna kuma tuna cewa tushen abubuwa da yawa, intanet kanta da GPS da binciken farko na fasahar rigakafin mRNA irin na Moderna, da kuɗin gwamnati da jami'o'i aka yi su, jarin kasada daga baya ya shigo.

Wa ke ɗaukar nauyin idan lissafi ya ɓaci?

Kwastoma a farko shi ke cin riba, don masu jari ne ke biya masa wani kaso na kuɗin motarsa da cefanensa. Matsalarsa tana zuwa ne daga baya ta hanya biyu, ko farashi ya tashi bayan ya saba kuma tsofaffin hanyoyin sun ragu, ko kamfanin ya rufe da abinsa a ciki. Ofo, kamfanin hayar kekuna na China, da ya durƙushe a ƙarshen 2018 sama da mutum miliyan 10 ne suka shiga layin neman a mayar musu da kuɗin ajiyarsu. Waɗanda suka sayi na'urar ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin Humane da ake maƙalawa a riga kan dala 699 sun wayi gari a ƙarshen Fabrairun 2025 ta daina aiki, bayan an sayar wa HP kadarorin kamfanin, don na'urar ba ta komai sai da kwamfutocin kamfanin.

Ma'aikata kuwa sau biyu suke shan ta. Da yawa suna karɓar albashi ƙasa da na kasuwa a cike musu da hannun jari, kuma nasu shi ne na ƙarshen layi wajen biya kamar yadda aka yi bayani a sama. WeWork ya sallami mutum 2,400 a Nuwamban 2019, shi kuwa Neumann ya fita da ɗaruruwan miliyoyin daloli.

Akwai kuma waɗanda ba su da hannu a cinikin kwata-kwata. Lasisin tasi a New York ya haura dala miliyan ɗaya a 2014, cikin 'yan shekaru bayan shigowar su Uber ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na haka, direbobin da suka ci bashi suka saya suka shiga uku, ko da yake masu ba da bashin da suka hura farashin lasisin tun farko su ma suna da kaso a laifin, kuma unguwannin bayan gari da tasi ba ya zuwa sun sami mota cikin sauƙi. Masu haya a biranen yawon buɗe ido suna kukan gidaje sun koma masaukin baƙi irin na Airbnb, abin da ya sa New York ta tsaurara doka a Satumban 2023, Barcelona kuma ta ce za ta soke lasisin irin waɗannan gidaje zuwa ƙarshen 2028. 'Yan fansho ma abin yana taɓa su, asusun malaman Ontario a Kanada ya rasa dala miliyan 95 a FTX, kamfanin kirifto da aka yi wa ƙimar biliyan 32 a Janairun 2022 ya rushe a Nuwamba, duk da cewa a girman asusun wannan kuɗin ɗan kaɗan ne, kuma irin wannan jarin ne ke kawo musu riba a wasu shekarun.

To ina aka kwana da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira?

Yanzu kaso mafi tsoka na jarin kasada can yake tafiya, kuma lamarin bai yi kama da Juicero ba, don masu amfani suna nan da yawan gaske, shugaban OpenAI Sam Altman ya ce a Oktoban 2025 mutum miliyan 800 ke buɗe ChatGPT duk mako. Amma mafi yawansu ba sa biya, kuma saɓanin manhaja ta da, a nan kowace tambaya tana cin wuta da aikin na'urori masu tsada, don haka ƙarin kwastoma ƙarin kashe kuɗi ne. Ga kuma kuɗi da ke zagayawa tsakanin 'yan gida ɗaya, a Satumban 2025 Nvidia ya sanar da niyyar zuba har dala biliyan 100 a OpenAI, wanda shi kuma babban mai amfani da na'urorin Nvidia ne, irin wannan yana sa da wuya a ware cinikin da ya fito daga buƙatar mutane da wanda ya fito daga aljihun mai jari.

Masu bin harkar ba yawan waɗanda suka sauke manhaja suke dubawa ba, suna duba nawa ne suka rage bayan wata shida ko shekara, nawa ne ke biya da kuɗinsu, kamfanonin da suka yi rajistar gwaji sun sabunta ko sun bari, kuma kowane ciniki ɗaya idan aka cire abin da aka kashe a kansa akwai saura ko babu. Waɗannan alƙaluma kamfanin da bai shiga kasuwar hannun jari ba babu dokar da ta tilasta masa bayyana su ga jama'a, abin da yake fitarwa shi ne wanda ya ga dama, galibi ƙimar da yawan masu amfani. A WeWork sai da takardun shiga kasuwa suka fito aka gansu, a Uber kuma sai da aka ɗaga farashi aka jira shekaru.